Baba Mesa da Dokar Ƙona Shara

Shekara talatin da ɗaya Baba Mesa ya yi yana aikin kwana-kwana, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda a zaunar da shi a bayan tebur ba. Sau biyu ana ƙara masa girma ana nuna masa ofis mai fanka, sau biyu yana zuwa wajen shugabansu yana roƙon a bar shi a bayan mota. Shi ne mai riƙe bakin mesar ruwa, wanda ke fara kutsawa cikin hayaƙi sauran na biye da shi, daga nan sunan ya kama shi har ya danne na gaskiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Girarsa ta hagu ta tafi tun wata gobara da aka yi a ɗakin ajiyar fenti, ba ta sake fitowa ba, saboda haka kullum fuskarsa kamar ta wanda bai gama yarda da abin da ake faɗa masa ba. Matarsa ta koyar da lissafi a firamare har ita ma ta ajiye aiki, kowa Malama yake ce mata, har shi kansa. Takan ce ita mai gira biyu ta aura, aka dawo mata da mai ɗaya, kuma har yau hukuma ba ta aiko an ba ta haƙuri ba.

Da ya yi ritaya suka koma ɗan gidan da suka gina a ƙarshen layi. Ɗaki uku ne da falo, sai bayan gida inda tsohon mai filin ya bar musu bishiyar mangwaro ɗaya babba da gwaiba biyu. 'Ya'yansu duk sun watse, auta ce kawai ke kusa, tana aikin jinya a wani gari mai tafiyar awa uku. Gida ya yi shiru, bishiyoyin kuwa ba sa hutawa da zubar da ganye, musamman in rani ya shigo. Nan Baba Mesa ya samu aikin yi.

Ya haƙa rami a tsakiyar bayan gidan, zurfinsa zuwa gwiwa, ya jera jan bulo ya kewaye bakinsa. Kowace Asabar da safe, bayan ya sha shayi, sai ya ja manjagara ya tara ganyen mako, ya tsince duk wata leda ko roba da iska ta kawo, ya ajiye bokiti biyu cike da ruwa a dama, bokitin yashi a hagu, shebur a jingine da gwaiba. Zai jiƙa ƙasa kewaye da ramin. Sannan ya ƙyasta ashana, tsinke ɗaya tak, don a wurinsa wanda ya kai ga tsinke na biyu bai iya jera ganye ba. Yakan tsaya hannu a baya yana kallon wutar, yana ƙara mata ganye kaɗan-kaɗan, har ta cinye. In ta mutu ya kwara ruwa, ya juya tokar da shebur, ya sake kwarawa, ya durƙusa ya sa bayan hannu a kai. Malama tana kallonsa ta tagar kicin. Ita kaɗai ta san cewa mutumin nan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana faɗa da wuta, sonta yake yi. Ta taɓa faɗa masa, ya ce ba so ba ne, sani ne. Ta ce ai ita ma da sani ta fara da shi.

Matsalar Baba Mesa hancinsa ne. Yana zaune a falo zai ɗaga kai ya ce ana ƙona katifa a layin baya, ko ya ce wani ya haɗa batir a cikin shara. Kafin Malama ta ce ya zauna ya riga ya zura takalmi. Haka zai bi hayaƙi har ƙofar mai shi, ya yi sallama cikin ladabi, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya tambayi inda bokitin ruwa yake. Mutanen unguwa suna jin nauyinsa, amma in sun hango shi tafe sai a fara ƙyafta ido. Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne bakaniken da ke bakin titi, mai ƙona tsofaffin tayoyi don ya zare wayar ciki. Baƙin hayaƙin yakan kwanta a kan layin gaba ɗaya, matar telan da ke maƙwabtaka da su Baba Mesa kuwa tana da asma, duk ranar da aka yi haka sai ta kwana biyu tana jan numfashi da ƙyar. Bakanike ba ya musu da shi. Zai ce to Baba, an daina Baba, bayan sati biyu hayaƙi ya sake tashi.

Ganin baki ba ya yi, sai ya koma ga biro. Wasiƙa bakwai ya rubuta wa ƙaramar hukuma cikin shekara huɗu, yana neman a kafa doka a kan ƙona shara a cikin unguwa. Shi yake faɗa, Malama take gyara masa rubutu da jan biro kamar ɗan aji huɗu. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Abin da wasiƙa ta kasa, gobarar shagon kafinta ta yi shi. Wata rana da azahar, wata mata ta cinna wa shara wuta a jikin katangarta, ta koma ciki tana wanki. Iska ta ɗauki kwalin da ke ci ta tsallakar da shi katanga, ya sauka a kan tarin dusar katako. Kafinta ya tafi sayen ƙusa. Kafin motar kashe gobara ta iso, Baba Mesa ya jera mutanen layin tun daga famfo har ƙofar shagon suna miƙa wa juna bokiti, shi yana gaba da jiƙaƙƙen tawul a fuska, yana da shekara sittin da shida. Shagon bai tsira ba, amma gidajen da ke manne da shi sun tsira, kuma ba wanda ya ƙone. Kafinta ya dawo da ƙullin ƙusa a hannu ya tarar da gadaje uku na mutane sun zama gawayi. Ya zauna a ƙasa. Baba Mesa ya zo ya zauna kusa da shi.

Wata biyu bayan haka doka ta fito. Aka liƙa ta a jikin famfo da ƙofar makaranta, mota mai lasifika ta zagaya tana karantawa. An hana ƙona taya da leda da roba da katifa ko'ina a cikin gari. Ganye da busassun rassa kuwa, ba a ƙona su sai da takardar izini, da rana, ranar da babu iska, da ruwa a kusa, kuma sai wurin ya yi nisan mita goma sha biyar daga kowane gini ko katanga. Wanda bai cika sharaɗi ba ya zuba shararsa a buhu, motar kwasar shara za ta riƙa zuwa duk Laraba. Baba Mesa ya tsaya a jikin famfo ya karanta har sau biyu, ya dawo gida yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce wa Malama rabin kalmomin nan nasa ne. Ta ajiye abin da take yi ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi ko ya san faɗin bayan gidansu. Ya ce ya sani. Ta ce to daga ramin zuwa katangar tela mita nawa ne. Sai ya ce shayin ya huce.

Wadda aka turo unguwar ta duba gidajen masu neman izini wata matashiyar duba-gari ce, sabuwar ɗauka, siririya, da fayil a hammata da tef na awo a jaka. Ta ji labarinsa tun a ofis, saboda haka ta shigo tana sunne kai. Ta gaishe su har ƙasa, ta sha ruwan da Malama ta ba ta, sannan suka fita baya. Da ta ga ramin da bulonsa da bokitan a jere, ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai tsari haka ba. Shi ya riƙe mata bakin tef a jikin katanga, ta ja har bakin rami. Mita tara. Suka gwada ta ɓangaren kicin, goma sha ɗaya. Ta tsaya tana juya biro a hannu.

"Baba, ku fa ba irin waɗanda aka yi dokar dominsu ba ne," in ji ta a hankali. "Zan iya rubuta cewa wurin ya yi."

Ya saki bakin tef ɗin, tef ɗin ya naɗe kansa da ƙara. "'Yata, nawa kika gani?"

"Tara."

"To rubuta tara. Yau kika fara aiki, kada ki fara da ni."

Ta rubuta. Da yamma ya kwashe bulon ya jera a gindin katanga, ya cike ramin da ƙasa, ya daddanne da ƙafa. Malama ba ta yi masa ba'a ba ranar, ta ƙara masa madara a shayi kawai.

Asabar ta zama masa doguwa. Zai share ganye ya ɗura a buhu, ya jera a ƙofar gida, ya rasa abin yi da sauran safiyar. Ya gyara famfon banɗaki da ba abin da ya same shi. Ya jera wa Malama tukwanenta daga babba zuwa ƙarama, ta kore shi daga kicin. Duk da haka shi ne kan gaba wajen bin doka, kuma unguwa ta bi, don kowa ya ji cewa Baba Mesa da kansa ya binne raminsa. Har bakanike ya fara tara tayoyinsa yana ba masu yin takalma. Matar tela ta ce rabon da ta ji ƙirjinta sakayau haka ta manta.

Motar shara ta zo Laraba shida a jere. Ta bakwai ba ta zo ba, aka ce ta lalace. Ta takwas aka ce ana jiran kayan gyara. Buhuna suka ƙare, ganye bai daina zuba ba, sai Baba Mesa ya koma tara shi a kusurwar katanga har tarin ya kai masa ƙirji. Ana cikin haka auta ta haihu, Malama ta tafi ta zauna da ita, ta bar shi shi kaɗai da gida da tarin ganye. Wata safiya matar tela tana shanya ta ga maciji ya sulalo daga kan katangarsu ya shige cikin tarin. Ta kasa shiga bayan gidanta kwana biyu. Tela ya zo da kansa ya ce Baba a yi wani abu.

Baba Mesa ya je ofis neman duba-gari, aka ce ta tafi kwas sai bayan sati biyu, mai sa hannu a madadinta kuma bai shigo ba. Ya koma washegari, bai shigo ba. A rana ta uku, da hantsi, ba ko ganye ɗaya da ke motsi a kan mangwaro, sai ya sa dogayen takalmansa na aiki, ya ja tarin da manjagara zuwa tsakiyar fili, ya cika bokitai, ya ƙone shi kashi-kashi. Macijin ya fito ya kashe shi da shebur. Cikin awa ɗaya komai ya zama toka, ya jiƙa ta, ya binne. Ya yi wanka ya zauna a falo, kuma in za a faɗi gaskiya, rabon da ya ji daɗin safiya irin wannan tun kafin doka.

Kowa a layin ya ga hayaƙin, ba wanda ya ce masa uffan. Tela ma godiya ya zo ya yi. Amma kafin sati ya zagayo hayaƙi ya tashi a gida uku, ɗaya ma a jikin katanga, da leda a ciki. Ranar Lahadi hancinsa ya jiyo masa taya. Ya zura takalmi ya nufi bakin titi kamar da, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar yara. Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya ce cikin girmamawa, ba da rashin kunya ba, shi ya ɗauka an sassauta ne, tunda ya ga Baba ma ya ƙona. Baba Mesa ya buɗe baki zai yi bayanin maciji da bokiti da iska, sai ya ji bayanin ya yi masa tsawo. Ya ce a kashe, aka kashe. Ya koma gida.

Ya kira Malama a waya ya faɗa mata komai. Yana jiyo kukan jaririya a bayanta, ta tambaye shi me yake so ta ce, tunda ya riga ya san abin da zai yi, waya kawai yake ɓata wa kati. Ta ce ya sa farar rigar nan, tana cikin durowa ta ƙasa.

Ranar da duba-gari ta dawo aiki ta tarar da shi zaune a benci a ƙofar ofishinta, da farar riga, da hula a gwiwa. Ta zaci ƙarar wani ya kawo. Ya ce ƙara ce, ya faɗa mata rana da lokaci da abin da aka ƙona da lambar gidan. Tana cikin rubutawa ta gane lambar, ta ajiye biro. Ta ce laifin farko takardar gargaɗi ce kawai, kuma tunda ba wanda ya kawo ƙara ba sai an rubuta ba. Ya ce ga mai ƙara a zaune. Ya ce ta rubuta, ta buga hatimi, kuma yana roƙon a ba shi kwafi biyu. Abokan aikinta suka leƙo suna danne dariya. Ta rubuta, shi kuwa ya gyara mata kwanan wata.

Da ya karɓa ya ninke, sai ya gyara zama ya ce yanzu saura nasu. Ya ce hukumar da ta hana mutum ƙona ganyensa ta kuma kasa zuwa ta kwashe, ita ta koya masa karya doka, kuma in shi da ya san wuta ya kasa haƙuri, kada a yi mamakin wanda bai sani ba. Bai ɗaga murya ba. Duba-gari ta ce maganar mota ta fi ƙarfinta, amma ta jawo kundin dokar daga durowa, don abin da aka liƙa a famfo taƙaitawa ce kawai. Suka bi shi shafi-shafi, ita tana karantawa shi yana bi da yatsa. A can kusa da ƙarshe akwai sashen da ya ba unguwa damar neman izini na bai ɗaya, a ƙona ganye da rassa a fili buɗaɗɗe sau ɗaya a wata, muddin akwai wanda ya samu horon kashe gobara a wurin daga farko har ƙarshe. Ta ce ba unguwar da ta taɓa nema, don ba su da mai horon. Ta ɗago ta dube shi. Ya ce takardar shedarsa tana gida, a cikin leda, ƙarƙashin katifa.

Kwafi ɗaya na gargaɗin ya kai gida. Ɗayan ya liƙa a jikin famfo, kusa da dokar, da sunansa a fili. Mutane suka yi ta tsayawa suna karantawa. Bakanike ya karanta, ya sosa ƙeya, ya je ya same shi ya ce Baba ai ba sai an kai ga haka ba. Ya ce an riga an kai, in yana son ya taimaka ya zo da baro ranar da za a fara ƙona ganyen unguwa a fili.

Izinin ya ɗauki wata guda kafin ya fito. Filin da aka ba su yana bayan makaranta, nesa da gidaje, ta inda hayaƙi ba ya bi ta kan layin. Kafinta, wanda ya sake tada shagonsa da taimakon mutanen layin, ya ƙera allo aka rubuta abin da ake karɓa da abin da ba a karɓa. Ranar farko baro goma sha huɗu suka zo. Baba Mesa ya tsaya a bakin fili yana sa hannu a cikin kowane baro, ya zaro takalmin roba daga na wani, ya zaro gwangwanin maganin sauro daga na matar da shararta ta cinye shagon kafinta, ya miƙa mata, ta karɓa tana rufe fuska. Motar shara ta dawo aiki daga baya, tana zuwa tana fashi kamar yadda ta saba, amma ta leda da roba ce yanzu. Wasu unguwanni biyu suka ji labari, suka nemo nasu tsofaffin 'yan kwana-kwana, ɗaya ma tsohon direban motar su Baba Mesa ne, wanda ya kira shi a waya ya ce ya raba shi da hutunsa.

Yanzu gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, auta ta kafa masa doka a kan tsayuwa mai tsawo, kuma ita ba ta da sashen sassauci. Kujerar roba ake kai masa filin, a ajiye can nesa, bakanike ne ke jera ganye yana waiwayowa yana jiran a gyaɗa masa kai. Duba-gari an yi mata canjin wurin aiki, amma takan biyo in ta shigo gari, ta zauna a falo tana ba shi labarin masu taurin kan da take fama da su, shi kuma yana ba ta shawarar da rabinta Malama ke cewa kada ta ɗauka. A wurin da ramin yake a da Malama ta shuka tumatir da albasa, kuma ta gano cewa ganyen mangwaro in aka bar shi ya ruɓe taki ne mai kyau, saboda haka yanzu kowane wata sai sun yi gardama a kan rabon ganye. Yana cewa an yi wa fili alkawari, tana cewa ba da ita aka yi ba. A watan jiya ta ƙyale shi da baro ɗaya, ta riƙe biyu, kuma sai da ya ɗebo mata ruwan ban shuka kafin ta bari ya fita.